Simintin da Mai-Tsani Ya Ɓamɓare

A ƙauyen babu mai kiransa da sunan yanka. Mai-Tsani ake ce masa, don kuwa shekara arba'in da 'yan kai da wuya a gamu da shi a hanya ba tare da tsani a kafaɗarsa ba. Kafaɗar ma ta hagu ta ɗan karkace, ko ya ajiye tsanin sai ka ga kamar yana ɗauke da shi.

Magini ne, na laka. Kawunsa ya koya masa aikin tun yana ɗan shekara goma sha biyu, kuma sai da ya shekara uku yana taka ƙasa kafin a bar shi ya taɓa bango. Kawun ba mai yawan bayani ba ne. Yakan ɗebo dunƙule ɗaya daga kwaɓin ya maka a jikin bango. In ya manne, sai ya wuce. In ya zame, a koma taku. A haka ya san jar ƙasar ramin bayan gari, da yadda ake yayyanka busasshiyar ciyawa a cikinta, a zuba ruwa, a taka, a rufe, a bar ta kwana bakwai ta tsima. Da hanci yake gane ta nuna. Tana yin wani ƙamshi mai nauyi, irin na ƙasa in an yi ruwan farko.

Ya gina ɗakunan amare, ya gyara na tsofaffi, ya ɗaga bangon da ruwa ya kayar. Sannan gari ya fara zubewa, amma ba bangon ne ya fara tafiya ba, mutanen ne. Gona ta daina riƙe gida, samari suka bi mota, daga baya suka dawo suka kwashi iyayensu. Gida saba'in da ke tada hayaƙi da safe suka koma ƙasa da talatin. Duk wanda zai tafi sai ya biyo ta ƙofarsa ya miƙa masa makulli ya ce, "Ka riƙa leƙawa, sai mun dawo."

Babu wanda ya dawo, shi kuma bai daina leƙawa ba. Kowace shekara kafin ruwa ya sauka sai ya bi gidajen ɗaya bayan ɗaya, ya hau rufi, ya share indararo, ya cike tsaga tun tana ƙarama. Wasu ya rasa su duk da haka. Goma sha ɗaya suka tsaya da ƙafarsu.

Matarsa, wadda yara da manya ke ce wa Inna, takan tsaya a bakin ƙofa in ta ga ya saɓi tsani.

"Yau kuma wane ƙadangaren ne ya aiko a gyara masa ɗaki?"

"Amana ce, ke."

"Amana. To ka gaishe su, ka ce masu matar magini tana nan tana tara wa yoyo kwano a tsakar ɗaki."

'Ya'ya shida suka haifa, duk shidan suka tafi. Auta ce ta ƙarshen tafiya. Ta sami aiki a wani otal a birni, ta fara da gyaran gado da wankin tawul har ta kai teburin karɓar baƙi. Da otal ɗin ya sauya hannu aka rufe shi na wata uku, sai ga ta da jaka ɗaya. Ta faɗa tun a ranar cewa in an buɗe za a kira ta. Mai-Tsani ya ce to, Allah ya kai mu. Amma tun daga ranar yake jin motsinta a tsakar gida da safe, ƙarar bokiti da 'yar waƙar da take yi ƙasa-ƙasa, sai ya daɗe a zaune bai sa takalmi ba.

A sati na uku da dawowarta wata mata ta zo a mota mai ƙura, gajera, da hular rana da littafi a hammata. Injiniya ce, daga wata ƙungiya da ke gyara gidajen da aka bari a ƙauyuka, don mutanen birni da hayaniya ta isa su zo su kwana biyu ko uku su huta. Abin da suka biya a garin zai tsaya: mai girki, mai wanki, mai ƙwai, mai raka su kan dutse su ga faɗuwar rana, kowa ya samu. Ta ce ƙauye tara ta zaga, duk inda ta je gidajen sun zama tudu. A nan kaɗai ta tarar da goma sha ɗaya a tsaye.

"Wa yake kula da su?"

Aka nuna mata tsani a jingine, aka ce ta jira mai shi ya sauko.

An buga wa masu gidajen waya, suka yarda. Sharaɗin ƙungiya shi ne a fara da gida ɗaya, mai ɗaki uku. Bayan sati shida manyanta za su zo su duba. In sun amince, a ci gaba da sauran goman, kuma ana buƙatar wanda ya san yadda ake tarbar baƙo ya riƙe su duka. Ba sai an nemi kowa daga nesa ba, ga Auta.

Auta ba ta ɓoye wa mahaifinta komai ba. "Baba, in sun amince da gidan, na zauna. In ba su amince ba, ka san ba zan zauna ina ƙirga kajin Inna ba. Otal ɗin zai buɗe kusan lokaci guda."

"Za su amince," in ji shi.

Injiniya ta yi bayani dalla-dalla kafin ta tafi. A gyara gidan da ƙasarsa, yadda aka gina shi. Ta aiko da siminti buhu ashirin, na banɗaki ne da tankin ruwa kawai. Ta kuma ɗauki Auta zuwa birni na kwana goma sha biyu, a nuna mata yadda ƙungiyar ke tafiyar da gidajenta.

Ana gobe za su tafi, Mai-Tsani ya biyo ta ƙarƙashin babbar bishiyar da ke bakin hanya, inda nan ne kaɗai waya ke kamawa sosai. Auta na tsaye ta ba shi baya, tana dariya da wata ƙawarta.

"Ke dai bari. Nan ko'ina kika juya laka ce. Ko jingina kika yi sai bango ya biyo ki a riga."

Ya wuce ba ta gan shi ba. Magana ce ta wasa, amma ta shige shi kamar ƙaya a tafin ƙafa, ba a ganinta, sai an taka. Ya je gidan da za a gyara ya tsaya a gaban bangon da kawunsa ya gina, shi kuma ya taka ƙasarsa da ƙafar yaro. Ya shafa, ya dubi tafin hannunsa, ga jan gari. Duk rayuwarsa bai taɓa ganin wannan a matsayin datti ba sai ranar.

Da safe ya tara maza shida da suka rage masu ƙarfi a gari, ya ce a buɗe buhunan.

Inna ta kawo masa shayi wajen aikin, ta ga ana kwaɓa abu mai launin toka, ta tsaya da buta a hannu.

"Malam, ba kai ne kake cewa siminti ba ya zama a kan laka ba? Shekara nawa kana cika mana kunne da shi?"

"Ni ne."

"To?"

"Baƙi za su zo. Mutanen birni ne, ba za a kwantar da su a cikin ƙasa ba."

"Baƙi," in ji Inna. Ta zuba masa shayin, ta daɗe tana kallonsa. "Wannan baƙuwar taka dai a cikin ƙasar aka haife ta, ni na sani, ina wurin."

Ya kurɓi shayin ya koma wajen kwaɓi. Kwana tara suka yi suna shafe. Suka rufe bango ciki da waje, suka cike alkukin da tsohuwar gidan ke ajiye fitila, suka toshe 'yan ƙananan kafofin iska da ke can sama kusa da rufi, wai ƙura na shiga. Aka samo fenti fari, aka ja shuɗin layi daga ƙasa zuwa gwiwa. Gidan ya fito fes kamar ƙaramin asibiti. Gari duka ya zo kallo. Tsofaffin mata suna shafa bangon suna duba hannu suna cewa, "Ikon Allah, ko ɗigo." Kafinta, wanda ke gyaran ƙofofi, ya ce yanzu ne aka yi abin nuna wa mutane. Babu wanda ya ga aibu, don kowa a garin haka yake mafarkin gidansa ya zama.

Injiniya da Auta suka dawo a mota ɗaya. Injiniya ta fito, ta cire hula, ta tsaya. Ta matsa ta ƙwanƙwasa bangon da bayan yatsa, nan da can. A wasu wuraren ya amsa da ƙarfi, a wasu ya yi kuwwa kamar ganga. Ta shiga ɗakin farko, ba ta yi minti biyu ba ta fito tana fifita da littafi.

"Baba, ina simintin banɗaki?"

"Ga shi nan kina kallo, 'yata."

Ta sauke numfashi. Ta ce mutanen da za su zo, irin wannan bangon suke gudu, a cikinsa suke kwana su tashi shekara da shekaru. Ta ce kuma laka tana shan danshi tana fitarwa, in an rufe ta sai danshin ya taru a ciki, damina biyu bango ya ruɓe ta baya, rigar ta zubo da naman.

"Na sani," in ji Mai-Tsani. "Tun ba a haife ki ba na sani."

"To me ya sa, Baba?"

Ya dubi ƙasa. Ita ma ba ta matsa ba. Ta ce ba za ta iya kawo manyanta su ga wannan ba. Saura kwana goma sha takwas. Ko a ɓamɓare a mayar da shi yadda yake, ko ta faɗa masu garin bai shirya ba, su duba wani.

Da motar ta tafi, Auta ta same shi zaune a kan buhun da babu komai a ciki, a inuwar farin bangon da ba ta da sanyi.

"Baba, ita ka ƙi faɗa mata. Ni fa?"

"Na ji ki a gindin bishiya. Kin ce in kin jingina bango yana biyo ki."

Ta fara dariya, sai ta ga fuskarsa, dariyar ta tsaya a rabi. Ta tsuguna a gabansa.

"Haba, Baba. Ba ka jin yadda nake ƙorafin Inna kullum? Ka ga na canza ta? In siminti nake nema ai na baro shi can, hawa goma. Ɗakin da nake haya, in rana ta faɗi bango ne yake fara dafa mutum. Tun da na tafi ban yi barci irin na gidan nan ba."

"To ki zauna mana."

"Barci ba ya riƙe mutum a gari, Baba. Aiki nake so. In akwai aiki, ko bangon ya bi ni har kasuwa ba ruwana."

Washegari shi ya fara kai guduma. Ya sa kurfi a inda Injiniya ta ji kuwwa, ya buga sau ɗaya, wani faffaɗan ɓawo ya rabu ya faɗo. Bayansa lakar ta riga ta yi duhu, tana warin ɗakin da aka daɗe ba a buɗe ba. Inda simintin ya kama sosai kuwa bai fita shi kaɗai ba, sai da ya yago tsohon yaɓe, zurfin yatsa uku. Kowane bugu Mai-Tsani yana jin sa a haƙarƙarinsa.

Mazan suka zo, amma ba da fara'ar farko ba. Kafinta ya tsaya da hannu a ƙugu.

"Jiya mun shafa, yau mu kankare. Gobe kuma sai a ce mu cire takalma mu sa tsumma, don baƙi su ji daɗin ɗaukar hoto. Su suna can cikin fanka da tayil, mu a ce mu zauna yadda kakanninmu suka zauna, wai ya fi kyau. In ya fi kyau su zo mu yi musaya mana."

Wasu suka yi dariya, wasu suka ce gaskiya ne. Mai-Tsani ya sauke guduma.

"Maganarka akwai gaskiya, Kafinta. Ni ma ba zan gina wa kowa talauci don a zo kallo ba. A sa ruwa, a sa wuta, a yi banɗaki mai kyau, kuma in an yi wa baƙo a yi wa ɗan gari. Amma bangon nan ba talauci ba ne. Kauri kamu biyu ne. Shekara hamsin yana tsaye, ashirin daga ciki babu kowa a ɗakin. Ni na ji kunyarsa, shi bai yi abin kunya ba."

"To wa zai taka maka ƙasa? Ni dai gwiwata ta yi ritaya."

"Bakinka bai yi ba ai. Zo ka tsaya kusa, iskarsa ma ta isa ta busar da yaɓe."

Kafinta ya yi tsaki, ya naɗe ƙafar wando.

Ƙasa ba ta san gaggawa ba. Dole a haƙo, a kwaɓa, a jira kwana bakwai, ko manyan ƙungiya na bakin hanya. Masu taku kuma ba su da yawa, don waɗanda suka iya duk sun tsufa. Tsofaffi maza huɗu da mata biyar suka shiga ramin, suna riƙe da kafaɗar juna kada wani ya zame. Inna ta ce ita ba ta shiga, ta shekara arba'in tana wanke wannan ƙasar daga tufafi, ba za ta je ta same ta har gida ba. Kafin azahar tana ciki har ƙauri, tana gyara wa kowa taku. Auta ta shiga a rana ta biyu. Ta yi ta faɗuwa, tsofaffin suna yi mata tsiya, wai ƙafar birni ce, ta saba da bene.

Da kwaɓin ya nuna, Mai-Tsani ya hau tsani. Da tafin hannu yake yaɓe, ba da ƙarfe ba, daga ƙasa zuwa sama, kowane shafi yana hawa kan ɗan'uwansa kamar gashin tsuntsu. Ya buɗe kafofin iska, ya tono alkukin da ya cike, ya gyara bakinsa da babban yatsa. Sai a jira shafin farko ya sha iska kafin a ɗora na biyu. Injiniya ta samo siminti buhu biyar kawai, aka yi banɗaki ƙarami, tanki kuwa aka bar shi sai gaba.

Kwanakin ba su isa ba. Ranar da manyan suka zo, ɗaki biyu ne suka kammala, ja mai duhu, santsi, da sawun hannu a jiki in haske ya faɗo ta gefe. Na ukun yana nan tsirara, duk tabon kurfi. Kafinta ya ce a rufe shi da kwaɗo a ce makullin ya ɓata. Mai-Tsani ya ce a bar shi a buɗe.

Su uku ne, da Injiniya ta huɗu. Babbansu wani dattijo ne mai tabarau, ya shigo yana share gumi. Ya zauna a bakin gadon da Auta ta shimfiɗa a ɗakin farko, wai zai ɗaure igiyar takalmi, sai ya ci gaba da zama kawai. Iska na shigowa ta sama a hankali. Sai da abokan tafiyarsa suka leƙo sau biyu kafin ya tashi. Auta ta zaga da su, tana amsa tambaya tun ba a gama yi ba: inda za a yi girki, wa zai yi wanki, yadda za a yi in baƙo ya kwana da zazzaɓi.

A ɗaki na uku dattijon ya tsaya yana duban tabon.

"Nan kuma me ya faru?"

"Ni ne, ranka ya daɗe," in ji Mai-Tsani. "Na rufe shi da siminti, alhali na san bai kamata ba. Na cire. Kwana goma nake nema ya warke."

"Wa ya sa ka?"

"Babu kowa. Tsoro ne."

Dattijon ya dube shi ta saman tabarau, bai tambayi tsoron mene ne ba. Suka koma mota suka yi shawara, ƙofa a rufe. Da suka fito, Injiniya ce ta faɗa. Ba a amince da goma ba. An amince da uku, su zama huɗu da wannan. Bayan damina za a dawo a ga yadda bangon ya yi da yadda baƙi suka yi, sannan a san sauran.

Rabin amincewa ke nan, Auta kuwa cikakkiya ta yi alkawari a kanta. Otal ɗin ma ya riga ya kira, ana son ta ranar Litinin. Mai-Tsani bai tambaye ta ba. Ya ga ya riga ya yi magana sau ɗaya da buhu ashirin, ta isa.

Ranar Lahadi da safe motar birni ta tsaya a bakin hanya kamar kullum, tana ta hon. Yana cikin ɗaki na uku yana jiƙa bango da tsintsiya. Ya ji an buɗe ƙofar mota, an rufe. Ya ji ta tashi, ƙararta ta yi nisa har ta ɓace. Ya ci gaba da yayyafa ruwa a wurin da ya riga ya jiƙe.

"Baba, za ka narkar da shi."

Auta ce a bakin ƙofa, da littafi a hannu da biro a bayan kunne.

"Na ce wa otal ɗin su ba wata aikin," in ji ta. "Gida huɗu ba goma sha ɗaya ba ne, amma aiki ne. Zan ga damina ɗaya. Ban ce maka har abada ba, kada ka je ka gaya wa Inna abin da ban faɗa ba."

"Ban ji komai ba ni."

"Yauwa. Taso mu je gidan da ke kallon gabas, shi nake so a fara. Ƙofarsa ta yi gajarta, sai an ɗaga."

Ya ajiye tsintsiyar, ya goge hannu a riga.

"Ƙofar nan haka aka yi ta. Su sunkuya."

"Baba, mutum ba zai taso tun daga birni don ya fasa goshi ba."

"Yatsa huɗu zan ƙara."

"Takwas."

"Shida, kuma ke za ki taka ƙasar."

Ta rubuta shida a littafin, suka fita.